Gyaɗar 'Yan Aji Biyar

Bana ruwa ya yi mana jinkiri. Sau ɗaya ya sauka kamar da gaske, mutane suka fita da sungumi suka yi shuka, daga nan sama ta yi shiru. Yau kwana goma sha tara ke nan. Jiya da hantsi ina kishingiɗe a zaure, jikata Ummi ta shigo da wani kati mai sheƙi, wai makarantarsu za ta yi musu bikin gama sakandare a wani ɗakin taro a Kano, har da anko da mai ɗaukar hoto.

Ta ce, "Baba Malam, ku ma a zamaninku ana yin irin wannan?"

Na ce mata ana yi. Ta yi dariya, ba ta yarda ba, ta fice ta bar ni da katin a hannu. Iska mai zafi tana shigowa ta ƙofar zaure, irin wadda ke busar da leɓe, sai wata shekara ta tsakiyar shekarun tamanin ta faɗo mini a rai, shekarar da ta biyo bayan babban fari.

A lokacin ni ne mataimakin firinsifal a wata makarantar kwana ta maza da ke tsakanin Karaye da Rogo. Shekaruna talatin da 'yan kai, ina da matata Binta da 'ya'ya biyu, da wani babur da sai an tura yake tashi. Aikina shi ne duk abin da firinsifal ba ya son yi: horo, ɗakunan kwana, kicin da sito. Makullan makarantar duka suna ɗaure da igiya a aljihun rigata, duk inda na bi suna ƙara, yara kuwa da sun jiyo ƙarar sai kowa ya nutsu. Ban yi suna da sauƙin hali ba, kuma a lokacin ina alfahari da hakan.

Al'adar makarantar ita ce, idan 'yan aji biyar suka gama jarrabawar fita, sai a yi musu walimar bankwana. Su fati suke ce mata. Ba wanda yake ba su ko ƙwayar shinkafa don wannan biki, su suke nema wa kansu. Tun suna aji huɗu ake yanka musu fili a bayan makaranta su noma, abin da suka samu a adana a sito har shekara ta zagayo.

Wannan ajin sai nomansu ya faɗa a daminar fari. Allah ya taimake su filin yana gangare, kusa da wata ƙorama. Da ruwa ya ɗauke, ƙoramar ta ƙafe, sai suka riƙa tona yashinta har su tarar da ruwa. Kullum bayan la'asar za ka gan su a jere, da bokitai da gwangwanaye da kwanukan cin abinci, suna miƙa wa juna daga ƙorama har kunya. Kafaɗunsu suka saɓule. A shekarar da manyan manoma suka tashi da kara zalla, yaran nan suka ɗaure buhu shida na gyaɗa da ɓawonta, buhu huɗu na dawa, da buhu guda na wake. Waken suka ba wani makiyayi ya ba su ɗan rago, suka ɗaure shi a bayan kicin suna ba shi harawa.

Shirinsu a tsare yake. Gyaɗar za a kai wa mata a gari su matse mai su yi ƙuli-ƙuli, dawar a yi musayarta da shinkafa a kasuwar Karaye. Wanda bai yi makarantar kwana a wancan zamanin ba, ba zai gane matsayin shinkafa ba a wurin yaron da ya shekara biyar yana cin gabza, wato tuwon dawar nan mai tauri da miyar kuka tsululu. Shekara guda cur suna hirar wannan shinkafa.

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar zafi, kuma a cikinsa aka fara jarrabawa. Rijiyar makaranta ta ja baya, guga yana fitowa da rabi ruwa rabi laka, sai an ajiye ya kwanta. Ɗan kwangilar abinci yakan yi mako biyu bai leƙo ba. Sahur gabzar jiya ce a ɗumama, buɗa-baki kunu ne wanda kake hango gindin kofi ta cikinsa. A ɗakin jarrabawa kwanon rufi yana ta ƙas-ƙas saboda rana, yara suna jiƙa hankici su ɗora a ka, kafin su gama amsa tambaya ɗaya ya bushe. Da azahar sai su kwanta rigingine a kan simintin aji, ba mai iya magana. A gidana ma haka abin yake. Binta takan yayyafa wa tabarma ruwa kafin yara su kwanta, ta koma tana ƙara tafasa da rama a cikin abinci don ya kai.

Ana cikin haka aka yi ruwan farko. Ƙauyukan da ke kewaye da mu duk suka fita shuka, tsiro ya fito kore shar, kowa ya yi ajiyar zuciya. Sai ruwan ya ɗauke. Aka yi wani yayyafi bayan kwana goma, waɗanda suke da sauran iri suka sake zubawa. Shi ma ya ƙone.

A wannan makon ne wani ciwo da firinsifal ke fama da shi ya tashi, aka wuce da shi asibiti a Kano. Kafin a sa shi a mota ya kira ni, yana magana da ƙyar.

Ya ce, "Malam Ado, fatin yaran nan a hannunka yake. Ban yarda da makaɗan gari ba. Ban yarda da baƙi ba. A tashi kafin magariba. Kuma ba yaron da zai bar makaranta sai motar da za ta kwashe su ta zo ranar Asabar."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara sauƙi."

Yara biyu ne a gaba a wannan aji. Ɗaya Habu, shugaban ɗalibai, ɗan wani manomi daga Beli, dogo mai ƙarancin magana. Na yarda da shi har nakan ba shi makullin sito duk ranar Juma'a ya fito da buhunan ya shanya su a rana saboda ƙwari. Ɗayan Isiyaku, shugaban kwamitin fati, ɗan wani tela a cikin garin Karaye. Shi kuwa baki gare shi, ga son gayu, rigarsa kullum a goge ko da kuwa da gindin kwano mai garwashi ne. Gidansu ba sa noma, amma a ɗibar ruwan nan ba wanda ya kai shi naci.

Wata Alhamis bayan azahar ina ofis, Isiyaku ya yi sallama ya shigo, ya dire rigar filo a kan teburina. Ta cika fam da gyaɗa.

Ya ce, "Malam, ga abin da na tarar a ƙarƙashin katifar shugabanmu."

Na ce ya je ya kira mini Habu, shi kuma ya jira a waje.

Dokar makaranta a kan sata ɗaya ce: kora, kuma ba takardar shaidar ɗabi'a. Ba tare da ita ba kuwa, da wuya wata makaranta ta gaba ta karɓi yaro. Saura darasi biyu Habu ya gama jarrabawa.

Ya shigo ya durƙusa. Na ce, "Kai ka ɗiba?"

"Ni ne, Malam."

"Yunwa ce?"

"A'a."

"Sayarwa za ka yi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Iri ne. Ran kasuwa aka aiko mini daga gida. Shukar Baba ta ƙone sau biyu, rumbu kuma ba komai. Ko an yi ruwa gobe, ba abin da za mu zuba."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Ba tawa ba ce ni kaɗai, Malam. In na tambaya sai an tara aji, kowa ya ji gidanmu ba iri."

Na kore shi daga ofis. Raina a ɓace yake ƙwarai, don ni na ba shi makullin da hannuna. Da na koma gida shan ruwa na ba Binta labari, ina ta faɗa. Ta bari na gama, ta miƙo mini kofin kunu, ta ce, "Malam, Beli ai ba nisa. Ka je ka gani da idonka, sannan ka yanke."

Ranar Asabar da sassafe na goya Habu a babur muka kama hanya. Tun daga bakin makaranta har Beli ban ga gona ɗaya mai rai ba. Tsiron dawa ya kai tsawon yatsa ya tsaya, ya naɗe, ya koma kalar toka. Shanu suna tsaye a gindin itatuwa, ƙasusuwan kwankwasonsu a waje, ko ƙuda ba sa kora. A wani ƙauye muka wuce mata suna tsintar ganye a bakin hanya.

Muka tarar da mahaifinsa, Malam Garba, a gindin wata ɗorawa yana gyaran ƙotar sungumi. Dattijo ne siriri mai farin gemu. Ganin ɗansa da malami a ranar da ba hutu ba, sai ya miƙe da sauri.

"Maraba, maraba. Sannu da zuwa, Malam. Lafiya dai ko?"

"Lafiya ƙalau, Baba. Hanya ce ta biyo da ni, na ce bari in kawo shi ku gaisa. Yaya ibada? Yaya zafin nan?"

"Alhamdulillahi. Muna nan muna jiran rahamar Ubangiji."

Ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa sosai, ya tambayi iyali da sauran malamai. Sai ya yi dariya ya ce, "An yi sa'a azumi ake yi, Malam. Da ban san abin da zan ba baƙo ba."

Na ce ya nuna mini gonar. Faɗi gare ta, an gyara ta tsaf, ba ko tsinke. Ya tsuguna ya tona wani rami da yatsa, ya fito da ƙwayar gyaɗa da ta fara tsiro ta ƙeƙashe, ya murje ta ta zama gari. Bai yi ƙorafi ba. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne, "Yaron nan dai yana jin magana ko?"

Na ce, "Yana ji, Baba." Habu yana tsaye a bayanmu, ya juya fuskarsa gefe.

Washegari na tara 'yan aji biyar a inuwar bishiyar mainar da ke gaban ɗakin cin abinci. A nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na sa Habu ya fito gabansu ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. A ganina a lokacin adalci ke nan. Ya fito ya faɗa, bai rage komai ba, har da maganar rumbunsu, wadda ita ce tun farko yake gudun a ji. Da ya gama ya cire bajon shugabanci daga ƙirjinsa ya ajiye a kan benci.

Isiyaku ya miƙe. Ya ce, "Malam, a gafarce ni. Wata uku muna jan ruwa daga ƙorama. Ga tabon nan a kafaɗata. Mun ci gabza shekara biyar, ba mu taɓa neman komai ba sai wannan yini ɗaya. Kuma wanda muka ba amana shi ne zai zagaya ta baya?"

Wasu suka ce gaskiya ne. Hayaniya ta fara tashi. Sai wani yaro mai suna Buba, Bafulatani daga wajen Falgore, wanda ban taɓa jin ya yi magana a taro ba, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Mu ma tamu ta ƙone. Shanunmu rabi sun tafi. Ni ma na yi tunanin abin da Habu ya yi, makulli ne ba ni da shi."

Na ce, "Duk wanda ya san shukar gidansu ta ƙone kuma ba iri, ya miƙe."

Ba wanda ya motsa. Kowa yana kallon ƙasa. Can sai wani daga Tudun Kaya ya miƙe, sai na kusa da shi, sai wasu biyu a baya. A hankali a hankali har fiye da rabin ajin suna tsaye. Makonni suna kwana ɗaki ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda.

Da na ga dama a nan take zan ba da umarni a raba buhunan, ba mai musa mini. Bakina har ya buɗe. Sai na dubi kafaɗar Isiyaku, na fasa. Na ce, "Hatsin nan ku kuka noma, ni makulli kawai nake riƙe muku. Ina ofis. Abin da kuka yanke ku zo ku gaya mini."

Na fi awa guda a zaune ina jiyo muryoyinsu, su tashi su faɗi. Ƙishirwa ta dame ni, ga zullumi. In suka ce shinkafa suke so, na riga na ɗaure kaina, sai in ba su. La'asar ta kusa Isiyaku ya shigo, idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Mun yarda a raba gyaɗar da dawar a yi iri. Amma ragon ba za a taɓa shi ba, fati kuma ba a fasa ba."

"Habu fa?"

"Ba mu ce a kore shi ba. Amma ba zai zauna a babban tebur ba."

"Wa ya kawo wannan?"

"Ni ne, Malam."

Na ce na ji.

Baba Audu, dattijon kukunmu, shi ya yi rabon da tiya, kowa ya kawo rigar filo aka zuba masa ya ɗaure ya rubuta sunansa. Waɗanda gidajensu ba sa noma suka bar wa sauran kasonsu. Ni na so a aika da irin gida nan da nan, Baba Audu ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, in ya je gida yanzu tukunya zai shiga, kuma ba laifinsu ba ne. Ka kulle shi sai ƙasa ta jiƙa." Na mayar da ƙullin duka sito na kulle.

Aka yi Sallah a makaranta, shiru-shiru, saboda sauran jarrabawa. Muka bi mutanen ƙauye sallar roƙon ruwa har sau biyu. Da yamma hadari yakan haɗu a gabas baƙi ƙirin, mu fito mu tsaya muna kallo, iska ta zo ta watsa shi.

Aka gama jarrabawa ranar Laraba, aka sa fati Alhamis bayan la'asar. Tun safe makarantar ta ɗauki haramar biki. Suka yayyanka tsofaffin takardu suka rina da shuɗi da jan alli, suka rataya a igiya daga maina zuwa ɗakin cin abinci. Suka fito da bencina, suka jera tebura uku aka lulluɓa musu zanen gado. Wani malami ya ara musu rakoda, aka shanya batira a rana tun hantsi wai don su ƙara ƙarfi. Malamai muka tone ɗan rogon da muke da shi a lambun bayan gidajenmu. Binta da sauran matan malamai suka yi kwaɗon zogale da zoɓo wanda sukari bai ishe shi ba. Baba Audu ya yanka ragon nan ƙanana-ƙanana, yana yi yana lissafa kawuna da ido, har sai da ya tabbata kowa zai samu tsoka da romo.

Wajen azahar sai ga mahaifiyar Buba da ƙannenta biyu a bakin ƙofa, sun tako tun daga ruga da ƙwarya biyu na nono. A shekarar da saniya ba ta cika ludayi uku, Allah kaɗai ya san kwana nawa suka yi suna tarawa. Firinsifal dai ya riga ya ce ba baƙi. Na shigo da su, na sa aka shimfiɗa musu tabarma kusa da matanmu.

Yaran suka fito cikin kayan Sallah. Isiyaku ya sha wata shadda ruwan ƙasa da mahaifinsa ya ɗinka masa, da takalmi sau-ciki. Ni kuma na tsaya a gefe da bulalata, ina zagayawa kamar yadda aka ɗora mini, ina leƙa bayan ɗakuna ko wani ya laɓe da taba. Aka buɗe da addu'a, aka yi jawabai, rakoda tana ta jan murya saboda raunin batir. Habu bai zauna ko'ina ba. Ya ɗauki bokiti da moɗa yana bi yana zuba wa mutane ruwan wanke hannu.

Sai suka yi wasan kwaikwayon malamai. Isiyaku ya fito ya ɗaure fuska, ya cusa murafan gwangwani a aljihu yana tafe suna ƙara, yana cewa, "Kai! Kai! Ɗan wane aji ne kai?" Tafiyata ce sak, har da yadda nake karkata wuya. Yara suka dube ni a tsorace. Na yi ƙoƙarin riƙewa na kasa, dariya ta ƙwace mini har da hawaye. Ai kuwa wurin ya ɓarke.

Ana fara rabon nama iska ta juya. Wani sanyi ya bugo mu daga gabas, takardun adon suka tsinke suka yi sama. Ba wanda ya sa rai, don an sha yi mana haka. Sai ɗigo ya faɗo a kan teburin da ke gabana, ƙato kamar kwabo. Sai wani. Sai ƙamshin nan na busasshiyar ƙasa idan ta sha ruwa ya tashi ya cika ko'ina. Kafin mu ankara sama ta buɗe.

Na ɗaga murya na ce kowa ya shiga ɗakin cin abinci. Ba wanda ya ji ni. Baba Audu kaɗai ya ruga da tukunyar nama. Yaran suka tsaya cikin ruwan da kayan Sallarsu, wasu sun ɗaga hannuwa suna kabbara, wasu suna kuka, wasu sun buɗe baki suna tarar ruwan. Wani ya kifa bokiti ya fara kiɗa, wasu suka kama da kwanuka da cokula. Na ce a raina makaɗan gari firinsifal ya hana, bai ce komai a kan bokiti ba. Shuɗin takardu yana zuba a kan fararen riguna, laka har gwiwa, mahaifiyar Buba tana rangaɗa guɗa daga baranda. Ban san inda na yar da bulalar ba. A jiƙe sharkaf muka yi sallar magariba, sannan aka ci rogo da romo a tsaye, ruwa yana dukan kwano ba ka jin maganar na kusa da kai.

Da aka idar da cin abinci, Buba da wasu suka same ni a baranda. Buba ya ce, "Malam, ƙasa ta sha. In muka jira motar Asabar, kafin mu isa ta fara bushewa."

Ba ni da ikon sallamar su. In wani abu ya sami yaro a hanya, wuyana ne. Na ce su je su kwanta, mu haɗu bayan sallar asuba.

Na sallame su. Da firinsifal ya warke ya dawo, ya ba ni takardar tuhuma a kan abu uku, baƙi da kiɗa da sakin yara, na amsa a rubuce, aka sa a fayil ɗina. Daga baya a gidansa ya sa na ba shi labarin tun daga farko, yana dariya yana riƙe da ciki. Daminar ta zauna daga ranar, ba ta yi albarkar da aka saba ba, amma an ci. Habu na rubuta masa takardar shaidarsa da hannuna, ya wuce kwalejin horon malamai. Ban taɓa ce masa ya yafe mini tsayar da shi da na yi a gaban aji ba. A wancan zamanin malami ba ya faɗin haka, kuma da na kai shekarun da zan iya faɗa, Allah ya riga ya karɓi abinsa.

Amma safiyar Juma'ar nan tana nan a idona. Gari ya waye garau, kwaɗi suna ta kuka a ƙorama, ƙasa laushi kamar an tankaɗe. Na buɗe sito, Baba Audu yana kiran suna yana miƙa ƙulli. Akwatunansu suka bari sai mota ta kai musu. Kowa ya ɗora irinsa a ka, suka zo ɗaya bayan ɗaya suka durƙusa. "Malam, mun gode. A yafe mu." Na ce Allah ya yi muku albarka, Allah ya ba da damina mai albarka. Suka fita ƙofa suka rabu, 'yan Tudun Kaya suka yi nasu wajen, 'yan Falgore da Beli suka yi nasu.

Habu ne na ƙarshe. Ya ɗauki ƙullinsa ya yi mini sallama, ya juya zai tafi, sai ga Isiyaku ya fito daga ɗakin kayan gona, sanye da shaddar jiya duk shuɗi da laka, da sungumi a kafaɗa.

Ya ce, "Malam, a ara mini wannan."

Na ce, "Ina za ka da shi? Karaye ai can take."

"Beli zan je. An ce gonar da faɗi, kuma tsohon shi kaɗai ne."

Habu ya tsaya yana kallonsa. Rabon da su yi wa juna magana tun ranar da aka tara aji. Can ya ce, "Tafiyar da nisa fa."

"Na sani."

"Da wannan takalmin?"

Isiyaku ya dubi sau-cikinsa da suka nutse a laka. Ya sunkuya ya cire su, ya ɗaure da igiya ya rataya a wuya. Ya ce, "Kai ka sara, ni in zuba in taka. Ko shi ma sai an yi mini jarrabawa?"

Habu ya sauke ƙullin daga kansa ya miƙa masa, shi ya karɓi sungumin, suka kama hanya. Ina tsaye a bakin ƙofa har suka sha kwanar kukar da ke bakin titi, ina jiyo muryar Isiyaku yana ta surutu, ƙafafunsa suna santsi a laka.

Sungumin bai dawo ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba.